Yanzu jiha na iya shimfiɗa layin dogonta: abin da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ce, da abin da ya rage

Ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan gyare-gyare 16 na kundin tsarin mulkin Najeriya. A lokacin hankalin jama'a na kan zaɓen gwamnoni, wanda aka yi washegari, shi ya sa ɗaya daga cikinsu ya wuce shiru, alhali ya shafi duk mai saye da sayarwa a Arewa. Shi ne wanda ya ba jihohi ikon yin doka a kan layin dogo.

Kundin 1999 ya raba ikon yin doka ne ta hanyar jeri biyu. Na farko ya ƙunshi abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, irin su soja, kuɗin ƙasa, kwastam da sufurin sama. Na biyu kuwa na haɗaka ne, tarayya da jihohi kowa na da nasa rabo. Layin dogo ya kasance abu na 55 a jerin farko. Sannan ga dokar 1955 da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda ta damƙa mata harkar gaba ɗaya. Don haka ko gwamna na da kuɗin, ba shi da ikon shimfiɗa dogo sai da sahalewar Abuja. Gyaran 2023 ya cire layin dogo daga jerin farko ya mayar da shi na biyu.

Rabon da aka yi mai sauƙin fahimta ne. Layin da ya tsallaka daga wata jiha zuwa wata, da jirgin da ke bin sa, da hukumar da ke sa ido a kan harkar a faɗin ƙasa, duk suna hannun tarayya. Majalisar dokokin jiha kuma na iya yin doka ta kafa kamfanin jirgin ƙasa na jiha, ta gina layi ta kuma kula da shi, matuƙar bai fita daga iyakar jihar ba. In dokar jiha ta ci karo da ta tarayya a kan abin da tarayya ke da hurumi, sashe na 4 na kundin ya ce ta tarayya ce ke sama. Ita ma tsohuwar dokar 1955, duk sashenta da ya saɓa wa kundin da aka gyara ba shi da ƙarfi, domin sashe na 1 ya ɗora kundi bisa kowace doka.

To, izini dai an samu. Amma gyaran bai zo da ko sisin kwabo ba, kuma bai tilasta wa kowace jiha zama ta tsara yadda kaya za su riƙa shige da fice a cikinta nan da shekara ashirin ba. A ganina nan ne aikin yake, kuma a nan ne muka fi rauni.

Mu ɗauki Kano. Wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau bayan kaka ya ga yadda abin yake: tireloli a jere, 'yan dako na hawa katako da buhun riɗi ko masara a ka, mai ƙirga na tsaye a gindin mota yana lissafi. Motar da ta cika za ta kama hanyar Zariya, ta bi Kaduna, ta yi kwanaki kafin ta ga Legas. A ce jiha ta shimfiɗa ɗan gajeren reshe daga Dawanau zuwa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawachiki, wato tashar kwantenonin kayan fita da shigowa daga waje da ke nesa da teku, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023. Wannan reshe yana cikin Kano daga farkonsa har ƙarshensa, saboda haka doka ta ba jiha ikon yin sa. Sai dai buhun riɗin ba a Zawachiki zai tsaya ba. Da zarar taragon ya hau babban layi, ya shiga hurumin tarayya. Tashar da zai sauka a bakin teku ta tarayya ce, jami'in kwastam da zai duba kwantenar na tarayya ne, har babbar hanyar da tirelar ke bi a yau ma ta tarayya ce. Ikon jiha a kan kayan ya ƙare a 'yan kilomitocin farko, amma waɗannan 'yan kilomitocin su ne ke sa ɗan kasuwa ya zaɓi jirgi ko ya ci gaba da mota. In sai ya loda a mota, ya sauke a tasha, ya sake lodawa a tarago, ya biya dako sau biyu ke nan, kuma zai gwammace ya bar kayansa a kan tirela har Legas.

Akwai kuma batun faɗin dogo, wanda ba kasafai ake kawo shi a taron siyasa ba. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, wanda ya ɗauki gyaɗar dala zuwa teku, da waɗanda aka shimfiɗa daga baya zuwa Ƙauran Namoda da Nguru da Maiduguri, duk faɗinsu milimita 1,067 ne. Sababbin layuka, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya da reshe zuwa Dutse, faɗinsu milimita 1,435 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Jihar da ta gina nata ba tare da ta yanke shawarar wanda za ta haɗe da shi ba ta haƙa rijiya ne a inda babu ruwa.

Legas ta nuna cewa haɗin na yiwuwa. Tun a 2002 ta kafa hukumar tsara sufurinta, LAMATA, kuma ta fara aikin dogo shekaru kafin wannan gyara. Layinta na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023. Na Agbado zuwa Oyingbo, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, yana amfani ne da hanyar dogon tarayya bisa yarjejeniya. Amma a lura, duka biyun na fasinja ne a birni mai cunkoso. Buƙatar Jigawa ko Yobe ko Zamfara daban ce. Abin da ke motsa tattalin arzikinsu shi ne shanun Maigatari da Potiskum, hatsi, taki, siminti da man fetur, kuma kusan dukkansu kayan tsallaka iyaka ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne gwamnonin Arewa su yi ta tunanin jirgin cikin gari kawai, su manta da na kaya.

Kuɗi fa? Dogo na cin kuɗi ƙwarai, kuma jiha ba ta iya zuwa waje ta ciwo bashi da kanta. Rancen waje sai ya bi ta gwamnatin tarayya da Ofishin Kula da Basussuka, kuma daga kason jihar ake cirewa a biya. Bashin da gwamna ya ci yau, waɗanda za su gaje shi ne za su yi ta biya, don haka majalisar jiha na da haƙƙin ta nemi a nuna mata lissafi: tan nawa na kaya ake sa ran ɗauka a shekara, daga ina zuwa ina, wa zai biya kuɗin ɗauka, wa zai riƙa gyara.

Amma akwai abin da jiha za ta iya yi tun yanzu ba tare da bashi ba, kuma shi ne ya fi damuna domin lokacinsa na wucewa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓar fili don amfanin jama'a, tare da biyan diyyar gini da shuka da ke kansa. Kotun Ƙoli ma a 2003, a shari'ar da Legas ta shigar da tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Ke nan jiha na iya zana hanyar da dogo zai bi nan gaba, ta wallafa a jaridar gwamnati, ta daina ba da izinin gini a kai, ta kuma ware filin ajiye tireloli da na rumbuna kusa da tashoshi. Gonar da za a biya diyyarta yau da sauƙi, nan da 'yan shekaru unguwa ce mai masallaci da makaranta, kuma tashinta sai da kuka da shari'a. Mai gonar ma ya fi samun adalci in an zauna da shi tun da wuri aka biya shi, a kan a wayi gari da jan fenti a bangon gidansa.

Kuma tun da kaya ba su san iyakar jiha ba, zanen Kano sai ya dace da na Jigawa da Katsina da Kaduna. Kundin bai hana jihohi zama su daidaita taswirarsu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, inda layin zai ƙetare iyaka, sai tarayya ta shigo. Wanda ke son sanin inda jiharsa ta kwana, ya tambayi ɗan majalisarsa ko an gabatar da ƙudirin dokar dogo tun bayan Maris na 2023, ko ma'aikatar sufuri na da ƙididdigar motocin kaya da ke fita daga manyan kasuwanni, da kuma ko ma'aikatar filaye ta ware hanyar da layin zai bi.