Waiwaye: Yadda mai ya zo ya fara tafiya a Ikwatoriyal Gini, mulki kuwa yana gida ɗaya

A shekarar 2024 kamfanin ExxonMobil ya tattara nasa ya nasa ya bar Ikwatoriyal Gini, ya miƙa rijiyoyin mai na Zafiro ga kamfanin gwamnati, GEPetrol. Rijiyoyin nan su ne suka ɗaga wannan ƙaramar ƙasa daga cikin matalautan Afirka zuwa sahun masu kuɗi a kan takarda. Tafiyar kamfanin ta tabbatar da abin da aka daɗe ana gani: man yana ƙarewa.

Ikwatoriyal Gini ita kaɗai ce ƙasa mai 'yanci a Afirka da Sifaniyanci ke zaman harshen hukuma. Kashi biyu ce: tsibirin Bioko, inda birnin Malabo yake, kusa da gaɓar Kamaru da Najeriya, sai ɓangaren tudu tsakanin Kamaru da Gabon, inda birnin Bata yake. Jama'arta ba su kai miliyan 2 ba. Sifaniya ta karɓi yankin daga hannun Portugal a 1778, ta mai da tsibirin gonar koko. Mafi yawan masu aikin gonakin 'yan kwadago ne daga kudu maso gabashin Najeriya, dubun-dubatarsu.

An sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968, aka zaɓi Francisco Macías Nguema, ɗan ƙabilar Fang daga yankin Mongomo. Shekara 11 ya yi, kuma da wuya a sami mulkin da ya fi nasa muni a nahiyar. A 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada. Ya karkashe ministocinsa da masu ilimi, ya rufe majami'u, makarantu suka lalace. Ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya bisa uku na al'umma an kashe su ko sun tsere. Da cin zarafi ya yi yawa, Najeriya ta kwashe mutanenta a 1975 da 1976. Koko ya durƙushe tun daga lokacin, bai sake tashi ba.

Wanda ya kifar da shi ranar 3 ga Agusta, 1979, ɗan gida ne, Teodoro Obiang Nguema Mbasogo, hafsan soja da ya yi karatu a Zaragoza ta Sifaniya, kuma babban jigo a gwamnatin da ya hamɓarar. An harbe Macías a watan Satumba. Kisan gilla ya ragu, wannan gaskiya ne, amma an gudu ne ba a tsira ba. Obiang ya kafa jam'iyyar PDGE a 1987, kuma ko da aka halatta jam'iyyu a farkon shekarun 1990, bai taɓa samun ƙasa da kashi 90 cikin 100 a zaɓen shugaban ƙasa ba. A na 2022 an ce ya sami kusan kashi 95.

Sai mai ya zo. Kamfanin Mobil, wanda daga baya ya zama ExxonMobil, ya gano Zafiro a 1995, aka fara haƙa a 1996, kafin shekara 10 ƙasar tana fitar da ganga sama da 300,000 a rana. Tun 2004 wani binciken majalisar dattawan Amurka ya gano kuɗin da suka kai dala miliyan 700 a asusun gwamnati da na iyalan shugaban a bankin Riggs da ke Washington. A 2017 wata kotu a Faransa ta sami ɗan Obiang, Teodorín, da laifin halatta kuɗin haram, ta ƙwace kadarorinsa a Paris.

Ba za a ce ba a yi aiki ba. An shimfiɗa manyan tituna, an gyara tashoshin jiragen ruwa da na sama, an gina madatsar Djibloho mai megawat 120 da taimakon kamfanin China, an kafa masana'antar sarrafa iskar gas a Punta Europa da ke tsibirin Bioko a 2007. Amma an kuma gina Sipopo mai manyan gidajen alfarma domin taron Tarayyar Afirka na 2011, aka share daji a Oyala ana gina sabon babban birni, Ciudad de la Paz. Ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna a 2017 cewa a shekarun da aka sami alƙaluma, kusan kashi 80 na kasafi gine-gine suka cinye, lafiya da ilimi kuwa kowanne kashi 2 zuwa 3 ya samu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ƙasa mai mutane kaɗan haka, da rabin abin da aka zuba a siminti ya isa kowane ƙauye ya sami famfo da malami da asibiti.

Sojan ma an gina shi ne don tsaron fada. Shekaru da dama dakarun Maroko ne ke gadin shugaban. Bayan yunƙurin juyin mulki da sojojin haya suka yi a 2004, wanda aka kama jagoransa Simon Mann a Zimbabwe, an ƙara zuba kuɗi a jirage da makamai. Sakacin ya fito fili ranar 7 ga Maris, 2021, lokacin da rumbun makamai ya fashe a barikin Nkoantoma a Bata, mutum sama da 100 suka mutu, unguwanni suka rushe.

Tun faɗuwar farashin mai a 2014 tattalin arzikin ya yi ta tsukewa. A 2019 gwamnati ta nemi rancen Asusun Lamuni na Duniya, daga baya haƙa ta faɗo ƙasa da ganga 100,000 a rana. Yanzu fatan ya koma kan gas: a Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya je Malabo aka sa hannu kan shimfiɗa bututun da zai kai gas ɗin Najeriya Punta Europa. Obiang ya haura shekara 80, ya fi kowane shugaban ƙasa a duniya daɗewa kan kujera in aka cire sarakuna, kuma Teodorín ne mataimakinsa tun 2016.