Yadda Fetur Ya Shiga Gidan Wanda Ba Shi Da Mota

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, hirar majalisa ba ta wuce dabarun rage shan mai. Wani ya ajiye mota ya koma babur, wani yana kashe inji in ya hau gangara, wasu sun juya janaretansu ya koma aiki da gas ɗin girki. Masu goyon bayan cirewar da masu sukar ta duk suna magana kamar a ranar ne matsalar ta soma.

Tarihin farashin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1970 lita ba ta kai kobo 20 ba. An buɗe matatun Warri da Kaduna a 1978 da 1980, daga baya aiki ya riƙa tsayawa, ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai ta koma sayo tatacce daga waje. A Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga, ta sauko 97. A 2016 ta kai 145. Daga ƙasa da naira 200 a farkon 2023, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shekarun da ke tsakanin 1990 da 2005, lokacin da ƙananan injina suka mamaye rayuwarmu. Kafin nan, fetur lamarin masu mota ne da direbobin haya. Ma'aikaci keke yake hawa. Mai lambu jigo yake ja. Mata su yi surfe da daka a turmi.

Sai shirye-shiryen noman fadama suka yaɗa injin ban ruwa, kuma ba laifi, ya ninka abin da manomin rani ke samu. Injin niƙa da na markaɗe suka shiga kowane lungu. Masana'antu na rufewa a Kano da Kaduna, matasa suka rungumi acaɓa, baburan China masu araha, irin su roba-roba, suka sa mallakar babur ta zo hannun talaka. Wayar salula ta iso a 2001 ta tarar da wutar lantarki ba tabbas, sai ga ƙaramin janareta a shagon mai caji, da mai aski, da tela. A wannan tsakanin lita ta tashi ne daga ƙasa da naira ɗaya zuwa 'yan gomiya kawai, don haka ba wanda ya tsaya lissafin abin da injin zai sha a shekara. Kuɗin sayensa kawai ake dubawa.

Garuruwan ma a kan wannan araha suka faɗaɗa. A Kano, mutum ya sayi fili a Rijiyar Zaki ko Mariri, sana'arsa tana Kantin Kwari, da tunanin kuɗin abin hawa ba zai taɓa zama abin damuwa ba. Jirgin ƙasa ya riga ya kwanta, manyan motocin haya ba su wadata ba. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ce ta gaje shi, ita ma fetur take sha.

Shi ya sa shawarar "ka rage yawo, ka duba iskar taya" ba ta kai ga mafi yawan jama'a. Mai tumatir a Kadawa ba yawo yake yi da man ba, shukarsa yake shayarwa, in ya rage ta bushe. Manoma da dama a Kano da Jigawa sun mayar da injinansu na gas, masu ɗan hali sun sa famfon sola. Amma duka biyun sai an fitar da kuɗi a dunƙule tukuna, gas ɗin ma ya yi tsada, kuma wanda ke sayen lita ɗaya-ɗaya a hannun 'yan bumburutu shi ne ya fi kowa biyan farashi mai tsada.