Zaton cewa kwamfuta ba ta mata ba ce

Zaton cewa kwamfuta ba ta mata ba ce wata fahimta ce da ta yaɗu a ƙasashe da dama, wadda ke yi wa mata kuɗin goro a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Fuska biyu gare ta. Ta farko tana cewa mata ba su da sha'awar abin, ta biyu kuma tana cewa ko sun so, kansu ba ya ɗauka kamar na maza. A unguwannin Hausawan Legas, irin su Agege, Idi-Araba da Mile 12, ba kasafai ake furta ta ƙarara ba. Takan fito ne a 'yan maganganun cikin gida: "Bari Yayanki ya duba miki," ko "Kada ki taɓa, za ki lalata," ko uba ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, kowa ya san ɗakin da za ta kwana ba sai an faɗa ba.

Tarihi

Wannan zato ƙarami ne a shekaru idan aka gwada shi da aikin kansa. Kafin a ƙera na'urar, kalmar da ta zama "kwamfuta" sunan sana'a ce a Turanci, wato mutumin da aka ɗauka ya zauna yana lissafi da hannu. A ƙarshen ƙarni na 19 cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ɗauki mata da yawa a wannan aiki, cikinsu har da Annie Jump Cannon da Henrietta Leavitt. Tun kafin su, a 1843, Ada Lovelace ta Ingila ta wallafa bayanai a kan injin lissafin da Charles Babbage ya zana, inda ta tsara matakan da injin zai bi ya warware wani lissafi. Da yawa na kallon wannan a matsayin manhaja ta farko da aka wallafa, ko da yake masana tarihi sun saɓa a kan gwargwadon hannun Babbage a ciki.

A Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan Bletchley Park, inda Ingila ke warware saƙonnin sirri na Jamus, mata ne, kuma su ke sarrafa na'urar Colossus. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, mata shida ne suka fara tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, aiki: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Frances Bilas da Ruth Lichterman. Ba su da littafin koyarwa. Zanen wayoyin injin suka karanta har suka gane shi. Da aka nuna wa duniya ENIAC a Fabrairun 1946, injiniyoyi maza aka gabatar, su kuwa sai bayan shekaru da dama aka fara ambaton sunayensu. Grace Hopper ta jagoranci ƙirƙiro ɗaya daga cikin manhajojin farko masu mayar da umarnin ɗan Adam zuwa harshen inji a 1952, aikinta kuma ya share fagen harshen tsara manhaja na COBOL na 1959. Margaret Hamilton ce ta shugabanci tawagar da ta rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a duniyar wata a 1969.

Dalilin da ya sa aka bar wa mata aikin a lokacin bai da daɗin ji. Ana ganin ƙera injin shi ne aikin hazaƙa, tsara masa umarni kuwa aikin akawu ne mai ƙaramin albashi. Da kamfanoni suka gane cewa a nan kuɗi da matsayi suke, wajajen shekarun 1960, sai salon ɗaukar ma'aikata ya sauya: gwaje-gwajen hali da tallace-tallacen aiki suka fara zana mai tsara manhaja a matsayin namiji mai kaɗaici wanda ba ruwansa da mutane. Labarin Stephanie Shirley ya nuna yanayin. A 1962 ta kafa kamfanin manhaja a Ingila, ta ɗauki mata masu 'ya'ya suna aiki daga gidajensu, amma sai da ta riƙa sa hannu a wasiƙunta da sunan namiji, Steve, kafin abokan ciniki su fara ba ta amsa.

A Amurka, rabon mata a digirin farko na kimiyyar kwamfuta ya kai kusan kashi 37 cikin 100 a wajajen 1984, sannan ya yi ta faɗuwa har ya sauko ƙasa da kashi 20. Masu bincike da dama na danganta hakan da shigowar kwamfutar gida, wadda aka tallata a matsayin abin wasan yara maza. Yaro kan isa jami'a da shekarun da ya yi yana taɓa madannai, yarinya ta iso da ƙwazo amma ba sabo, sai malami ya ɗauki sabo a matsayin baiwa.

A Legas

A ofisoshin Legas ma, hannun mata ne ya fi sabawa da madannai tun zamanin tafireta. Da kwamfuta ta maye gurbin tafireta a shekarun 1990, sakatarori da masu buga takardu a shagunan bisines santa su ne suka fara ƙwarewa a kanta, kuma yawancinsu mata ne. Sai dai ba a kira wannan ƙwarewa da sunanta. Ana cewa tana "buga takarda" ne kawai. Wanda ya kwance murfin injin a kasuwar kwamfutoci ta Computer Village da ke Ikeja, shi ake kira injiniya. Rabon da aka yi a zamanin ENIAC shi ne ya maimaita kansa a titin Otigba na wannan kasuwa.

Shagunan intanet na farkon shekarun 2000 sun ƙara faɗaɗa tazarar. Lokaci mafi arha shi ne na kwana, wanda ba gidan da zai bar 'yarsa ta je, ga kuma baƙin jinin da 'yan damfara suka jawo wa wuraren. A gidajen Hausawa da ke kiyaye fitar 'ya'ya mata, wannan kaɗai ya isa ya rufe ƙofa. Yarinya takan dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta tarar da girki da raino, ɗan'uwanta kuwa yana da yammacinsa. Wanda ya ga sakamakon bai ga jadawalin ba sai ya ce ba ta da sha'awa.

Abubuwa uku sun sassauta lamarin. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya ta zama ƙaramar kwamfuta a hannu, har matan aure da ke cikin gida suna sayar da atamfa, turaren wuta da kayan mata ta WhatsApp da Instagram, suna karɓar kuɗi ta manhajar banki. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015, don haka duk yarinyar da ke son jami'a sai ta zauna gaban allo. Sannan sana'ar POS ta bazu, mata da yawa suka shige ta. Duk da haka, rahotannin GSMA, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, sun nuna cewa a Afirka kudu da Sahara mata na bayan maza da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen amfani da intanet ta waya, kuma tsadar waya da ƙarancin karatu na cikin manyan dalilai.

Birnin kansa yana da matan da suka ƙaryata zaton. Funke Opeke ta kafa MainOne, wanda ya shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas a 2010. Marigayiya Florence Seriki ta kafa Omatek, kamfanin harhaɗa kwamfutoci a Najeriya. Omobola Johnson ce ministar fasahar sadarwa ta farko a Najeriya, daga 2011 zuwa 2015. Odunayo Eweniyi na cikin waɗanda suka kafa manhajar ajiyar kuɗi ta PiggyVest.

Abin da bincike ya nuna

A gwajin ƙasa da ƙasa na ICILS, wanda ke auna iya amfani da kwamfuta a tsakanin ɗaliban ƙaramar sakandare, 'yan mata sun fi maza maki a yawancin ƙasashen da suka shiga a 2013 da 2018. A Maleshiya mata sun kai kusan rabin ɗaliban kimiyyar kwamfuta, abin da ke da wuyar bayani in da matsalar ta halitta ce. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta daina fifita waɗanda suka riga suka saba da kwamfuta wajen ba da gurbi, rabon mata a sashen kimiyyar kwamfuta ya tashi daga kashi 7 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000.

Akwai nazarin da ke cewa tuna wa mace zaton da ake yi mata kafin jarrabawa yana rage mata maki. An yi saɓani a kan ƙarfin wannan tasiri.

Masu aiki a kai

Oreoluwa Lesi ta kafa W.TEC a Legas a 2008, tana shirya wa 'yan mata sansanonin koyon fasaha. Abisoye Ajayi-Akinfolarin ta koya wa 'yan matan unguwanni irin su Makoko tsara manhaja ta gidauniyar Pearls Africa, CNN kuma ta sa ta cikin gwarazanta goma na 2018. Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a 2016. Yawancin irin wannan horo da Turanci ake yin sa, kuma ya fi taruwa a Yaba da tsibirin Legas, tafiya mai nisa da tsada ga yarinyar da ke Agege ko Alaba Rago. ITU, ƙungiyar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware Alhamis ta huɗu a watan Afrilu a matsayin ranar 'yan mata a fasahar sadarwa, ana kuma bikinta tun 2011.