Kaso 5 na ko-ta-kwana da takardar 'yan kwana-kwana: abin da doka ta ɗora wa garuruwan Filifin

A ƙasar Filifin, kafin majalisar gari ta amince da kasafin kuɗin shekara, dole ta cire wani kaso ta ajiye domin ranar bala'i. Doka mai lamba 10121 ta shekarar 2010 ce ta tilasta haka, kuma an kafa ta ne watanni kaɗan bayan guguwar Ondoy ta cika unguwannin Manila da ruwa a Satumbar 2009.

Sashe na 21 na dokar ya ce kowace hukumar yanki, tun daga lardi da birni har zuwa barangay, wato ƙaramar mazaɓar unguwa, za ta ware aƙalla kaso 5 cikin 100 na kuɗin shigar da take sa ran samu ta hanyoyin da ta saba. Ana raba kuɗin gida biyu. Kaso 30 na gaggawa ne, ba a taɓa shi sai majalisar yankin ko shugaban ƙasa sun ayyana cewa bala'i ya afka wa garin. Sauran kaso 70 kuwa na shiri ne tun ana zaune lafiya: horar da masu ceto, sayen kayan aiki da magunguna, biyan kuɗin inshora. A ce gari na sa ran peso miliyan 200. Miliyan 10 ke nan za su shiga asusun, miliyan 3 su jira ranar tashin hankali, miliyan 7 su tafi rigakafi.

Wannan rabon shi ne sabon abu. Tun dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ake ware kaso 5, amma a lokacin kuɗin sun fi karkata ga rabon agaji bayan ɓarna ta riga ta auku. Yanzu mafi yawansu an ce a kashe su tun kafin ruwa ya iso.

To idan shekara ta wuce lafiya fa? Nan ne dokar ta fi burge ni. Abin da ya rage ba ya komawa babbar lalitar gari, balle a karkatar da shi zuwa wani aiki da zai yi wa magajin gari rana a lokacin zaɓe. Ana zuba shi cikin asusun amana na musamman, a ci gaba da amfani da shi kan harkar bala'i kaɗai har shekara 5. Sai bayan nan ne ragowar za ta koma lalitar gari. An kuma yarda gari ya agaza wa wani garin da aka ayyana bala'i a cikinsa daga wannan asusu. Matsalar da hukumar binciken kuɗi ta ƙasar ke yawan nunawa ita ce garuruwa da dama ba sa kashe kason shirin, kuɗi na kwance alhali kayan ceto ba su wadata ba.

Gobara kuma dokarta daban: mai lamba 9514 ta 2008. Gundarinta takarda ɗaya ce, shaidar cewa 'yan kwana-kwana sun duba gini sun gamsu da shi. Ba a ba mutum izinin shiga sabon gini ko lasisin kasuwanci sai da ita. Idan an tarar da matsala, ana ba mai ginin wa'adin gyara. Ya ƙi, a kafa allo a gaban ginin mai sanar da jama'a cewa wurin na da haɗarin gobara, daga nan sai tara da ke iya kaiwa peso 50,000, ko a rufe wurin. Wanda ya taka dokar da gangan na iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 6. Ma'aikaci ma bai tsira ba, domin laifi ne ya ba da takardar ba tare da ya je ya duba ba, ko ya bar gini ya shekara ba a leƙa shi ba babu wani dalili.

A takarda komai ya yi kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne hukumar kashe gobara mallakar gwamnatin ƙasa ce, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, lasisin kasuwanci kuwa magajin gari ke sa masa hannu. Ko kuɗin da ake karɓa a ƙarƙashin dokar, kaso 80 na tafiya baitulmalin ƙasa domin inganta hukumar, kaso 20 kawai ke zama a gari don kula da tashar kashe gobara. Idan abu ya lalace, kowane ofishi na da inda zai nuna da yatsa.

An ga haka a birnin Valenzuela da ke yankin Manila ranar 13 ga Mayun 2015. Tartsatsin walda ya faɗa kan sinadarai kusa da ƙofar masana'antar silifa ta Kentex, gobara ta tashi, ma'aikata suka maƙale a bene, tagogi kuma duk da ƙarafa. Mutum 74 suka rasu. Bincike ya nuna masana'antar na da lasisin gari amma ba ta da ingantacciyar takardar 'yan kwana-kwana. An gurfanar da magajin garin, shi kuma ya kafa hujja da cewa umarnin gwamnati ya ba shi damar ba da lasisin wucin-gadi, tilasta dokar gobara kuma aikin hukumar kashe gobara ta ƙasa ne. A ƙarshen 2016 kotun da ke shari'ar jami'an gwamnati ta kori tuhumar. A shari'ar gidan rawa na Ozone da ke birnin Quezon, inda mutum 162 suka mutu a gobara a Maris ɗin 1996, da yawansu a bakin ƙofar da ke buɗewa zuwa ciki, an samu jami'an birni 7 da laifi, amma sai a 2014, bayan shekara 18.

A 2018 aka yi dokar sauƙaƙa harkar kasuwanci, mai lamba 11032, ta taɓa wannan mahaɗa. Idan ɗan kasuwa ya nemi sabunta lasisi, hukumar kashe gobara na da kwanakin aiki 3 ta shaida wa gari ko wurin ya cika sharuɗa ko bai cika ba. Ta yi shiru, sai a ɗauka yana da takardar wucin-gadi, a sabunta masa. Mai shago ya huta da zarya, amma a ganina an mayar da jinkirin ofishi tamkar amincewa, a kan lamarin da rayuka ke ciki. Dokar ta kuma haramta wa jami'an hukumar sayar wa masu neman takarda tukunyar kashe wuta, ko nuna musu kamfanin da za su saya a wurinsa.