Waiwaye: Yadda Dodon Fim Ya Koma Abin Dariya

A majalisun unguwannin Mabera da Runjin Sambo a Sakkwato, muhawara ba ta lafa ba tun da yara suka fara rububin fina-finan manyan dodanni da aka fassara da Hausa, waɗanda ake tura musu a waya a shagunan caji. Wasu dattawa na ɗora laifin a kan masu fassara, wai su ne suka mai da dodon da ke rushe gari abin barkwanci, har yaro yana ƙyaƙyata dariya ana halaka mutane. Damuwar tasu tana damuna ni ma, sai dai lamarin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

An san cewa fim ɗin King Kong, ƙaton gwaggon biri, ya fito a Amurka a 1933, na Godzilla kuma, dodo mai kama da ƙaton ƙadangare, a Japan a 1954, shekaru tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki. Wancan Godzilla na farko makoki ne na al'ummar da ta ga wutar nukiliya da idonta.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1962, lokacin da aka haɗa dodannin biyu a fim ɗaya mai launi. A labarin, wani jami'in talla na kamfanin magani ne yake neman dodo domin shirinsa na talabijin ya samu 'yan kallo. An bugar da King Kong da ruwan 'ya'yan itace ya yi barci, aka ɗaura masa balan-balan aka kai shi Dutsen Fuji, inda a tsakiyar kokawa ya cusa wa abokin karawarsa bishiya a baki. An sayar da tikiti fiye da miliyan 11, kuma a daidai lokacin talabijin ta shiga gidaje tana kwashe manya daga silima, bayan tikitin shiga silima da aka sayar a Japan ya haura biliyan 1 a 1958. Da kasuwa ta nuna cewa dariya ce ke cika kujeru, sai aka karkata ga yara: a 1965 Godzilla ya taka rawar murna, a 1967 kuma aka ba shi ɗa yana koya masa fesa wuta.

Wannan dodon da aka riga aka zare wa kwarjini shi ne ya iso Sakkwato, ya kuma tarar da yaran da a tatsuniya suka saba jin Gizo yana yi wa Dodo wayo.