Waiwaye: yadda tsirkiya ta raba kan masana lissafi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin garaya ya san tsirkiya a ɗaure take kai da gindi, tsakiyarta ce kaɗai ke rawa. A kan wannan ne manyan masanan Turai suka shafe shekaru suna ja-in-ja.

A 1747 wani Bafaranshe, d'Alembert, ya rubuta lissafin da ke bayyana rawar tsirkiya. Lissafi ne na sauyi mai hawa biyu, wato wanda ke duba yadda saurin motsi shi kansa yake sauyawa. Amsoshin irin wannan lissafi ba sa ƙirguwa. Abin da ke taƙaita su shi ne sharaɗin iyaka: a wuraren ɗaurin nan biyu, motsi sifili ne.

A ɗauki lissafin siffar tsirkiya, y'' + ky = 0, inda y ke nufin nisan da tsirkiya ta kauce daga mazauninta, y'' sauyin y mai hawa biyu a bisa tsawon tsirkiyar, k kuwa wata lamba ce; tsirkiyar mai tsawon L ce, kuma y sifili ce a duka bakin biyu. Ga mafi yawan ƙimar k, amsa ɗaya ce tak, tsirkiya ta kwanta shiru. Sai idan k ta yi daidai da (nπ/L)², n kuwa 1, 2, 3 har gaba, sannan za ta motsa. A ganina nan ne daɗin abin yake: ɗaurin ne ke zaɓar muryoyin da tsirkiya za ta iya fitarwa. Shi ya sa makaɗi ya danna yatsa, tsawo ya ragu, sai murya ta ƙara tsini.

Daniel Bernoulli ya ce a 1753 kowace irin rawar tsirkiya tarin waɗannan muryoyi ne. Euler da d'Alembert suka ce ba su yarda ba. Maganar ta sake tashi a 1807, lokacin da Fourier ya yi amfani da wannan dabara ta Bernoulli wajen bayyana yadda zafi ke ratsa jikin abu. Lagrange ya ƙi gamsuwa, littafin Fourier bai fito ba sai 1822. Dirichlet ne a 1829 ya kafa hujjar yanayin da dabarar ke aiki.

Sturm da Liouville suka tattara batun wuri guda a 1836 da 1837, suka nuna cewa ɗimbin lissafai masu hawa biyu haka suke, kowanne da jerin ƙimominsa na musamman. Da masanin kimiyya Schrödinger ya zo a 1926 yana neman matakan kuzarin ƙwayar zarrar haidirojin, wannan hanya ya bi.