Masu tambayata kan hawa dutsen South Mountain a Finiks, ga amsarku

Tambayoyin nan kullum iri ɗaya ne, na amsa har na gaji. Don Allah a karanta nan kafin a sake turo min.

Ruwa nawa zan ɗauka?

Fiye da yadda kake zato. Ka'idar da masu kula da wurin ke ta nanatawa ita ce, da ruwanka ya kai rabi ka juya ka sauko, ko ka kai sama ko ba ka kai ba. Kan hanya babu famfo. Ƙaramar gora ɗaya a hannu ba shiri ba ne.

A ina wurin yake?

Kudancin birnin Finiks, jihar Arizona, Amurka. Ka bi titin Central Avenue ka yi ta yin kudu, zai kai ka babbar ƙofa. Wurin shaƙatawa ne mai faɗin eka sama da 16,000, tun 1924 yake hannun birnin, hanyoyin ƙafa kuma sun haura mil 50.

Nawa ne kuɗin shiga?

Kyauta ne.

Dole sai na hau da ƙafa?

A'a, ka kwantar da hankalinka. Akwai kwalta har Dobbins Lookout, wani wurin hange a saman dutsen mai tsayin ƙafa 2,330 daga matakin teku, kana tsaye kana kallon garin gaba ɗaya. Tsofaffi da yara duk suna zuwa. Sai dai ranar Lahadi akan hana motoci hawa na wasu awanni, saboda masu keke da masu tafiyar ƙafa.

Hutuna ya faɗo a Yuli, kuma ni na saba da zafi, zan iya hawa?

To, wannan ita ce tambayar da take ɗaga min hankali. Ba zan ce maka sam ba zai yiwu ba, don akwai 'yan garin da suke hawa duk shekara, amma su da asuba suke fita, kafin rana ta ɗaga sun sauko, kuma sun san hanyar kamar tafin hannunsu. Kai baƙo ne. Maganar "na saba da zafi" ɗin nan ita take kayar da mutane, sabawa da zafi a inuwa daban, hawa dutse da rana tsaka babu bishiyar da za ka raɓa daban, ga iskar a bushe take zufa na fita tana bushewa nan take ba ka ma san jikinka na ƙarar da ruwa ba. A 2023 garin ya jera kwana 31 zafi bai kasa digiri 43 ba da rana. A 1990 ya taɓa kai 50.

Idan har ka dage, ya danganta da lafiyarka da shekarunka da wanda za ka tafi da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga, ko mai azumi, ni dai ina roƙonsa ya haƙura ya hau da mota. In lafiyarka ƙalau, ka zaɓi gajeriyar hanya, ka fara da sassafe, ka gaya wa wani inda ka nufa, waya cike da caji. Ranar da aka yi gargaɗin tsananin zafi hukumar birnin kan rufe wasu hanyoyin da rana, kar ka tsallake shingen. Sannan Yuli damina ce a can, hadari kan taso farat ɗaya da tsawa da guguwar ƙura, busasshen kwari ya cika da ruwa cikin mintuna. Ka ji jiri ko tashin zuciya, ko zufa ta ɗauke, ka tsaya ka kira 911, lambar agajin gaggawa, babu abin kunya. In da hali ka ɗage zuwa tsakanin Nuwamba da Maris, ya fi min kwanciyar hankali.

Akwai macizai?

Akwai, masu karkaɗa wutsiya tana ƙara. Ka ji ƙarar ka ja baya, ba za su bi ka ba. Kar ka cusa hannu ƙarƙashin dutse. Abin da ya fi kama mutane ma ƙayar cholla ce, wani tsiron hamada mai ƙaya, ka sa ƙaramin mataji a jaka don cire ta, kar ka sa yatsa. Kuma silifas ba takalmin hawa dutse ba ne.

Zanen da ke jikin duwatsu fa, zan iya taɓawa?

A'a. Mutanen Hohokam, mazauna yankin na dā, su ne suka sassaƙa su ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma har yau al'ummar O'odham, 'yan asalin yankin, suna girmama dutsen nan ƙwarai. Ka ɗau hoto ka wuce. Masu kankara sunansu a gefen zanen suna ɓata min rai matuƙa, ɓarna ce da ba ta gyaruwa.